Sabon Firam a Tsohon Injin Fatsa: Me Masuntan Kalifoniya Ke Saye?

A tashar jiragen ruwa ta San Diyego, can kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai jiragen da sana'arsu ita ce kwasar masu kamun kifi na sha'awa, su nausa da su cikin Tekun Fasifik daura da gaɓar Meziko, wani lokaci a yi mako biyu ko fiye ba a dawo gida ba. Abin da ake bi shi ne kifin tuna mai ɗorawar ƙaya, wanda babbansa ya fi ƙaton namiji nauyi. A 1977 wani mutum mai suna Curt Wiesenhutter, yana cikin jirgin Royal Polaris, ya jawo guda mai kilo 176 kusa da tsibirin San Benedicto, kuma aka yi shekara talatin da 'yan kai ba a karya wannan bajinta ba. Ba taru, ba koma. Sanda ce da zare da ƙugiya, sai wani ɗan inji da ake ɗaurewa a jikin sandar, wanda ke sakin zaren kuma yake naɗe shi.

Wannan injin fatsa ba shi da tarkace da yawa. Akwai kwarkwaron da zare ke naɗuwa a kai, akwai mariƙin da masunci ke juyawa, akwai giya biyu masu haƙora da ke kai juyin mariƙi ga kwarkwaro, sai birki, wanda ke barin kifi ya ja zare da ƙyar maimakon ya tsinke shi. Firam shi ne abin da ke riƙe da waɗannan duka, kowanne a mazauninsa. A da ba kowa ke kula da shi ba. Daga baya sai ga wata 'yar sana'a ta taso a Amurka, ta mutanen da ke ɗaukar gundumen alminiyam su sassaƙo sabon firam, a kwance tsohon inji a sa masa. Akwai mai biyan kuɗin firam ɗin da ya haura abin da ya sayi injin kansa. Me yake saye da wannan kuɗi, kuma kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Sai an fara da kamfanin Penn. Wani Bajamushe ne, Otto Henze, ya kafa shi a birnin Filadelfiya a 1932, kuma a 1936 ya fito da samfurin Senator, wanda har yau ana ƙera shi. Tsarinsa mai sauƙi ne: faifai biyu na baƙar roba mai tauri da ake kira Bakelite, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da zoben tagulla da aka yi wa rufin ƙarfe mai ƙyalli. Tsakanin faifan akwai 'yan sanduna na tagulla da gindin da ke zama a kan sandar fatsa, an ɗaure kowanne da ƙananan notuna ta gefe biyu. Wato firam ɗin ba abu ɗaya ba ne, gutsattsari ne da aka harhaɗa. An sayar da irin waɗannan injuna ba adadi, Senator da Jigmaster da Squidder, don suna da araha, ba sa mutuwa, kuma sukundireba ɗaya ya ishi mutum ya kwance su.

Matsalarsu ba ta fitowa sai an matsa musu. Idan babban kifi ya ja, zaren ba a tsakiyar kwarkwaro yake kullum ba, yana yawo ne daga wannan gefe zuwa wancan. Da ya koma gefe ɗaya, ga masunci kuma yana danna mariƙi iya ƙarfinsa ta hannun dama, sai injin gaba ɗaya ya so murɗewa. Kowace mahaɗa ta noti tana da ɗan sakaci da ido ba ya gani, kuma idan aka tara sakacin mahaɗa goma sha wani abu, faifan dama da na hagu sukan daina fuskantar juna daidai. Ƙaramar giya tana zaune ne a kan sandar kwarkwaro. Da sandar ta karkace, haƙoran giya biyun ba sa cin juna sosai, sai su riƙa gogar baki da baki. Masunci zai ji mariƙi ya yi nauyi, ya ji ƙara, leɓen kwarkwaro ya fara gugar zobe. In abin ya yi tsanani haƙora su zube, kifi ya yi gaba da ƙugiya a baki.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara dagula lissafi, wanda sabon shiga ba ya sani. Birki ba ya riƙe zare da ƙarfi iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Masunta sukan saita shi a kusan rubu'i zuwa sulusin nauyin da zai tsinke zaren, kwarkwaro na cike. Amma yayin da kifi ke gudu da zare, naɗin yana raguwa, kuma idan kaurin naɗin ya koma rabi, ƙarfin da ake bukata kafin zare ya fita ya ninka biyu. Birkin da aka saita a kilo 8 ya zama kilo 16, alhali ba wanda ya taɓa shi. Saboda haka lokacin da kifi ya fi nisa, lokacin ne firam ya fi shan wuya.

Duk da haka tsofaffin injunan sun daɗe suna aikinsu, don zaren nailan yana rufa musu asiri. Nailan yana da kauri, saboda haka mai son zare mai ƙarfi dole ya sayi babban inji, kuma yana miƙewa kamar kashi 20 cikin ɗari ko fiye kafin ya tsinke, sai ya shanye fizgar kifi. A farkon shekarun 1990 aka fara kitsa zaren fatsa da wani sabon abu, wanda Amurkawa ke sayarwa da sunan Spectra, 'yan Holan kuma da sunan Dyneema. Kaurinsa kusan rabin na nailan ne mai ƙarfi ɗaya da shi, wanda ke nufin kwarkwaro zai ci wajen ninki huɗu. Kuma kusan ba ya miƙewa. Nan take ƙaramin inji da aka yi don zare mai ɗaukar kilo 15 ya iya cin ɗaruruwan mitoci na zare mai ɗaukar kilo 30 ko 40. Masunta suka ga banza ta faɗi: ga inji marar nauyi a hannu, ga zaren da zai riƙe dodon kifi. Suka ƙara wa birki ƙarfi. Firam ɗin da Henze ya tsara don wani zamani ne ya fara kuka.

Amsar ta fito daga kudancin Kalifoniya, kuma ba haka kawai ba. Yankin cike yake da ƙananan masana'antun da ke yanka ƙarfe don kamfanonin jiragen sama da na kayan yaƙi. Tun kafin zuwan sabon zare, Carl Newell yana yin kwarkwaro marar nauyi da sanduna da gindi na musanya don injunan Penn, kafin ya koma ƙera nasa. Kamfanin Tiburon ya yi suna da firam ɗin alminiyam guda ɗaya tak, wanda ke maye gurbin sanduna da gindi baki ɗaya. Sai kuma Accurate, na tagwaye David da Douglas Nilsen, waɗanda gidansu ya gaji yin sassan injin jirgin sama. Wajen 1990 suka juya ga kayan kamun kifi, suna yin firam da faifan alminiyam na injunan Penn. Lokacin ya zo daidai da ƙarewar yaƙin cacar baka, kwangilolin soja suna raguwa, ga injuna masu tsada da ƙwararrun ma'aikata suna neman abin yi. Mutanen da suka saba aikin da kuskuren gashi ɗaya ke jawo a mayar musu da kaya, su ne suka ɗauki injin fatsa suka dube shi da idon sana'arsu.

Farashin injunan nasu ma ya sauko. Tunanin sa lambobi su tuƙa injin sassaƙa ƙarfe ya faro ne daga John Parsons na jihar Mishigan, kuma a 1952 jami'ar MIT ta nuna na farko, da kuɗin rundunar sojan saman Amurka. An daɗe sai manyan kamfanoni ke iya mallakar irinsa. A 1988 kamfanin Haas na Kalifoniya ya fito da samfurin VF-1 a ƙasa da dala 50,000, kuma daga wannan zamani injin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ake kira CNC, ya fara shiga hannun mai ƙaramin shago.

A nan ne akasarin masu saye ke ruɗewa. Sun ɗauka alminiyam ya fi tagulla ƙarfi, shi ya sa sabon firam ba ya murɗewa. Ba haka ba ne. Ƙarfi iri biyu ne a wajen injiniya: akwai nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya lanƙwashe ya ƙi komawa, akwai kuma yawan saunar da yake yi, wato ɗan lanƙwasar da ke komawa, a ƙarƙashin nauyin da bai kai haka ba. Injin fatsa na biyun ne ya dame shi, don giya ba ta jiran firam ya karye kafin ta lalace, ɗan motsi ya ishe ta. A wannan ma'auni kuwa alminiyam rago ne. Idan aka ba baƙin ƙarfe maki 200, tagulla tana da wajen 100, alminiyam kuwa 69. Sandar alminiyam ta fi sandar tagulla mai kauri ɗaya da ita sauna. Abin da ya cece shi rashin nauyi ne: bai kai sulusin nauyin tagulla ba, saboda haka ana iya jibga shi da kauri ba tare da inji ya gagari hannu ba. Kauri kuma riba ce mai ninkuwa, domin in ka ninka kaurin sanda biyu, saunarta ta ragu aƙalla sau takwas. Ga shi kuma babu mahaɗa ko ɗaya tsakanin gindi da ginshiƙai, jiki ɗaya ne. Siffa ce ke yin aikin, ƙarfen dai ya ba da dama ne a yi siffar.

Wannan ƙa'ida ita ce ta haifar da yayin siririn firam. Yadda kauri ke ninka riba, haka tsawo ke ninka hasara: a rage tazarar faifai biyu da rabi, saunar ginshiƙi ta ragu sau takwas. Tunda sabon zare ba ya bukatar faffaɗan kwarkwaro, sai masu sassaƙa suka riƙa sayar da siririn firam tare da siririn kwarkwaro. Inji ya ƙara tauri, ya rage rangaji a kan sanda, kuma masunci ya huta da wahalar baza zare da babban yatsa. Wasu ma suka cire ginshiƙin sama ɗungurungum don hannu ya sami fili, abin da ba mai gigin yi da sandunan tagulla. A ganina wannan ne babban abin da sana'ar ta kawo, domin ya ba masunci injin da kamfani bai taɓa ƙerawa ba.

To me ya sa sai an sassaƙa, ba a narka a zuba ba? Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyam a Panteka ta Kaduna ya ga amsar. Ana narka tarkace, a kwarara a cikin ƙasar da aka yi wa siffa, in ta huce a fasa a fito da tukunya. Duba jikinta da kyau, za ka ga 'yan ƙofofi kamar bakin allura, inda iska ta maƙale ko ƙarfe ya tsuke wajen hucewa. Tukunya ba ruwanta, tuwo zai dahu. Manyan kamfanonin injin fatsa ma suna zubi, sai dai da matsi mai ƙarfi a cikin mazubin ƙarfe, kuma shi ne hanya mafi araha idan dubbai za a yi. Amma mazubin kansa kuɗi ne mai yawa wanda mai yin guda hamsin ba zai taɓa mayarwa ba, 'yan ƙofofin nan ba sa ƙarewa gaba ɗaya, kuma haɗin da ya fi saurin bin mazubi yakan zo da silikon da jan ƙarfe masu yawa, waɗanda ba sa karɓar rufin kariya da kyau. Gundumen da aka murza ko aka matso daga masana'anta kuwa cikinsa a cushe yake.

Haɗin da kusan kowa ke amfani da shi ana kiransa 6061, kuma tun 1935 yake. Alminiyam ne da ɗan magniziyam kamar kashi ɗaya cikin ɗari, da silikon da bai kai haka ba, da ɗigon jan ƙarfe. Ana gasa shi ya haura digiri 500, a tsoma a ruwa, sannan a sake ɗumama shi na sa'o'i a wuta marar zafi sosai har ya yi tauri, dabarar da ta samo asali daga binciken Bajamushe Alfred Wilm a 1906. Akwai wanda ya fi shi, 7075, mai tutiya a ciki, wanda asalinsa kamfanin Sumitomo na Japan ne ya haɗa a shekarun 1930 aka sa a jirgin yaƙin nan Zero. Yana ɗaukar kusan ninki biyu kafin ya lanƙwashe. Sai dai saunarsu kusan ɗaya ce, 72 da 69, kuma ruwan gishiri ya fi cin 7075. Wanda ya biya ƙarin kuɗi don a yi masa firam da shi ya sayi abin da injinsa bai nema ba, ya kuma jawo wa kansa abin da teku ke so.

Aikin kansa ba daga yanka yake farawa ba, daga awo ne, kuma nan ne ake gane gwani. Kamfani ba ya ba kowa zanensa. Dole mai sassaƙa ya kwance tsohon inji ya auna mazaunin kowane rami, ya zana a kwamfuta. Inji ɗaya kuwa ba ya isa, domin samfurin da aka yi shekara hamsin ana ƙerawa ba ya zama iri ɗaya: mazubi ya tsufa an sauya, Bakelite ya kumbura da shan ruwa, zobe ya buɗe. Mai hankali yakan tara da yawa na zamani daban-daban ya nemi tsakiyarsu. Yanzu wasu sukan fara buga samfurin gwaji na roba, su ɗaura faifai a kai su ga ko notuna sun shiga, kafin su taɓa alminiyam. Notunan ma na awon inci ne irin na Amurka, wanda ya huda da awon milimita ya yi aikin banza.

In an zo yanka, sai a danne gundumen a kan teburin inji, a rufe ƙofar gilashi. Bakin yankan yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, farin ruwan sanyaya yana feshi a kansa, ɓarɓashi mai ƙyalli yana watsuwa yana bugun gilashi. Alminiyam yana da laushin yanka amma yana da naci: in ruwa ya yanke ko baki ya dakushe, sai ya narke ya manne a bakin, aiki ya ɓaci cikin daƙiƙa. Fiye da rabin gundumen, sau da yawa ma nesa da haka, a kwandon ɓarɓashi yake ƙarewa, a sayar wa masu narki. Amma wurin da ake faɗuwa shi ne juyi. Firam yana da fuska biyu, kuma ramukan fuskar dama dole su kalli na hagu. Da an gama fuska ɗaya aka kwance aka kifa shi, duk ɗan ɓarɓashin da ya maƙale a ƙarƙashi ya isa ya karkatar da fuska ta biyu. Shi ya sa ake fara huda ramuka biyu na shaida, a kafa firam ɗin a kan turaku biyu, kowane awo ya tashi daga gare su. Sannan ƙarfen yana da gajiyar da ya kwaso daga masana'anta, in aka rarake cikinsa sai ya saki jiki ya ɗan karkace. Maganinsa shi ne a yi yankan farko a bar saura kaɗan, a sassauta matsi ya gama motsinsa, sannan a bi da yankan ƙarshe. Zafi ma yana da nasa: guntun alminiyam mai tsawon santimita 10, in ya ƙara digiri 10, ya ƙaru da wajen kashi 23 cikin dubu na milimita, kusan sulusin kaurin gashin kai. Mai auna firam da ɗuminsa yana yaudarar kansa ne.

Me ake nema da wannan tsanani? Dubi tazarar da ke tsakanin leɓen kwarkwaro da jikin firam. In ta yi kaɗan, kwarkwaro ya goga. In ta yi yawa, zaren da bai kai rabin milimita ba, wanda kuma yake baje kansa in an matse shi, zai kutsa ciki ya naɗe sandar kwarkwaro, kifi na ja. Firam ɗin da ya yi kyau a ido amma ya kuskure nan, gyaran gangar Abzinawa ne, gara tsofaffin sandunan tagulla. Shi ya sa nake ganin abin da masunci ke biya ba alminiyam ba ne, wanda kuɗinsa a cikin farashin bai taka kara ya karya ba. Yana biyan mazaunin ramuka ne, da tabbacin cewa za su tsaya a nan ran da kifi ya ja.

Saura teku. Alminiyam da kansa yana yin wata fata marar kauri da zarar iska ta taɓa shi, amma ba ta isa ta tsaya wa ruwan da kashi uku da rabi cikin ɗari nasa gishiri ne ba. Saboda haka ake tsoma firam a asid irin na ruwan batir da aka tsarma, a sa masa wutar lantarki, fatar ta yi kauri. Dabarar ta fito daga Ingila a shekarun 1920, an fara ta ne don kare jiragen sama masu sauka a ruwa. Fatar tana fitowa da 'yan ƙofofi, su ne ke shan rini, ja ko shuɗi ko ruwan zinariya, kafin a toshe su. Launin nan yana sayar da firam fiye da yadda masu saye za su yarda, kodayake ja yana kwashewa in ya sha rana. Akwai rufi na yau da kullum, akwai mai tauri wanda kan kai kashi 50 cikin dubu na milimita. Shi mai taurin, rabinsa cikin ƙarfe yake ci, rabi ya taso waje, saboda haka kowane rami yana tsukewa ta ko'ina. Wanda bai bar wannan a lissafinsa ba zai karɓo kaya daga wajen rini ya tarar noti ya ƙi shiga, boris ya ƙi zama. Kaifin kusurwa ma ba a barinsa, don fatar ba ta kama shi da kyau, kuma daga nan tsagewa ke farawa.

Ko an yi duk wannan, akwai maƙiyin da sabon firam ya zo da shi wanda tsohon bai sani ba. Notunan da ake ɗaure shi da su yawanci na ƙarfen nan ne marar tsatsa. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri, sun zama ɗan batir, kuma alminiyam ne ke narkewa. Sai ka ga farin gari yana fitowa a bakin noti, fata tana ɓamɓarewa, ran da aka zo kwancewa noti ya kafe ko ya karye a ciki. Tagullar da a da ake rainawa kore kawai take yi, a goge ta ci gaba. Mai firam ɗin alminiyam dole ya shafa wa kowane noti giris kafin ya ɗaure, ya ɗauraye inji da ruwan daɗi duk ran da ya dawo.

Batun tsada kuwa lissafi ne da kowane mai sana'a ya sani. Awo, zane, rubuta wa inji umarni, ƙera abin da zai riƙe firam a tebur, gwajin da ya lalace, duk na guda na farko ne. A ce wannan ya ci awa arba'in. In firam ɗaya za a yi, shi kaɗai zai ɗauki nauyin awa arba'in ɗin. In hamsin ne, kowanne bai kai awa ɗaya ba. Masu rini ma suna da mafi ƙarancin kuɗin da suke karɓa, ko guda nawa ka kawo. Shi ya sa ƙananan masu wannan sana'a sukan tara sunayen masu so kafin su kunna inji, su yi rukuni ɗaya, in ya ƙare sai wani jiƙon. Wanda ya ce shi kaɗai za a yi wa nasa, daban da na kowa, ya shirya biyan kuɗin da zai sayi sababbin injuna biyu ko uku.

Masu sukar abin suna da hujja mai ƙarfi, kuma ban ga an rushe ta ba. Firam ba ya ƙara wa sauran sassa komai. Da ya daina murɗewa, masunci ya ƙara matse birki, sai rauni ya koma gaba. Hannun rigar tagulla da mariƙi ke zama a kansa ya fara cinyewa, a sauya shi da na ƙarfe marar tsatsa. Ɗan harshen da ke hana mariƙi komawa baya ya tsallake, a ƙara na biyu. Giya ta zube, a sayo ta ƙarfe. Faifan Bakelite ya tsage, a sayo na alminiyam. Wata rana mutum ya duba ya ga abin da ya rage na asali bai fi sassa uku ba, ya kashe abin da ya fi kuɗin sabon inji na zamani, kuma har yanzu birkinsa na tsohon tsari ne, wanda ba ya kamo na zamani wajen santsi da ƙarfi. Masu tara kayan tarihi su ma haushi suke ji, don a wajensu an ɓata inji.

Masu sana'ar da kansu sun gane haka tun da wuri. In kana yin firam da faifai da kwarkwaro, me ya rage? A ƙarshen shekarun 1990 Accurate ya fito da injinsa na kansa, mai birki a gefe biyu na kwarkwaro. Avet, shi ma na kudancin Kalifoniya, ya shigo a farkon shekarun 2000 da ƙananan injuna da aka sassaƙa daga 6061, a farashin da ya girgiza kasuwa. Manyan ma suka bi. Shimano na Japan, wanda samfurinsa TLD mai firam ɗin roba ya sa Tiburon cin kasuwar firam na musanya, yau yana da jerin injuna masu firam ɗin alminiyam guda ɗaya, haka Daiwa, haka Penn. Abin da a da sai an aika wa mai shago na musamman yanzu a cikin kwali yake zuwa. Sana'ar firam ta yi nasara har ta cinye kasuwar kanta.

Duk da haka ba ta mutu ba, kuma ba son tsohon abu ne kaɗai ke riƙe da ita ba, kodayake yana ciki: mutum yana da injin da mahaifinsa ya bar masa, yana so ya ci gaba da zuwa teku da shi. Ga wanda zai fara daga babu, ni dai ba zan ba shi shawarar ya bi wannan hanya ba, ya sayi sabo ya huta. Amma wanda ya riga yana da Senator ko Jigmaster, kuma kifin da yake bi bai wuce ƙarfin birkinsa ba, firam shi kaɗai, ba tare da sauran tarkacen ba, gyara ne mai ma'ana. Da tsohuwar zuma ake magani. Injunan zamani suna da boris da yawa, kuma boris ne gishiri ke fara kashewa, wasu sassan kuma sai an mayar wa kamfani. Shi kuwa tsohon Penn sassansa kaɗan ne, suna nan birjik a shagunan kayan fatsa na gaɓar Amurka, kuma mutumin da ke cikin jirgi, tafiyar kwana huɗu daga San Diyego, zai iya baje shi a kan tawul bayan cin abincin dare, ya sauya faifan birki, ya mayar ya ɗaure kafin kifi ya fara ci da asuba.